Ranar da Na Zauna Har Amin

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, maza da mata, har da waɗanda a da in sun hango ni sai su sake hanya. Ban riƙe kowa a zuci ba. Ni ma da na hango kaina a lokacin, da na sake hanya.

Ni ne Iliya, wanda kuke ce wa Baba Iliya mai itace, na unguwar Laranto a nan Jos. Mai bishararmu, Malam Yohanna, ya ce in rubuta shaidata da hannuna a karanta wa jama'a. Na ce masa karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da furfura na shiga, kuma rabin darasin ina bayan gida aka yi shi. Ya ce in rubuta a haka. To, in kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake.

'Yan'uwa, tun ina saurayi nake da maigida guda biyu. Ɗaya Allah ne. Ɗayan kuwa cikina ne, kuma shi na fi tsoro.

A ramin kuza abin ya fara mini, lokacin ina ɗaukar ƙasa a ka. Ciki ya murɗa kamar ana matse wanki, ya kumbura har igiyar wando ta shige nama. Wani lokaci gudawa, ba sallama ba jira. Wani lokaci kuma ya ɗaure, in yi ta zama kamar mai jiran jirgin ƙasa, ba abin da ya iso. In na samu na zaga sai in ji sauƙi, in ce ya tafi ke nan. Ina! Hutawa yake yi. Wake ya tayar da shi, nono ya tayar da shi, barkono ya tayar da shi. Abin da ya fi duka tayar da shi kuwa shi ne tsoron kada ya tashi.

Helman, wato shugaban leburori da ke kanmu, ya ce ni malalaci ne, wai ba lebura a duniya da ke ajiye kwano ya ruga bayan dutse kamar ni. Aka sallame ni. Na sha sabara, na sha jar kanwa, na sha wani abu baƙi da wani mai magani ya ba ni wanda har yau ban san ko mene ne ba. A ɗakin magani aka duba ko tsutsa ce, aka ce babu. Ba jini, ban rame ba, ga ni da ƙafafuna. Wa zai yarda ba ni da lafiya? Ciwo ne da ba ya kashe mutum, ba ya kuma barinsa ya zauna cikin mutane.

Garin Jos ɗin nan, ku kun san shi da tituna, ni da duwatsu na san shi. Na san dutsen da zai ɓoye mutum, na san wanda duba-gari ke bi ta bayansa. Ban taɓa yarda na hau motar da za ta yi nisa ba. Da uwata ta rasu a ƙauye aka aiko, na je har tasha, na ga yadda aka cusa mutane a bayan lori ba wurin motsi, cikina ya yi ƙara, na juyo gida. Aka binne ta ba ni. 'Yan'uwana suka ce birni ya cinye ni.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, matata Rifkatu. Ita ke dama mini kunun acca tsinkakke, ba yaji ba mai. Da Ubangiji ya kira ta, asirina ya zama nawa ni kaɗai.

To, ga inda duhun ya fara.

A majami'a wurina sananne ne, benci na ƙarshe, bakin ƙofa. Ciwon nan da safe ya fi ƙarfi, sujada kuma da safe ake yi. Lokacin waƙa lafiya lau nake, don murya tana rufe ƙarar ciki. Amma da zarar an ce mu sunkuyar da kai, wuri ya yi tsit, sai tsoro ya kama ni, ciki ya amsa, in sulale in fita. Kowace Lahadi haka. Ni a zatona ba mai gani, tunda idon kowa a rufe yake. Ashe akwai masu addu'a da ido ɗaya.

Suka fara haɗa abubuwa. Tsoho ne, shi kaɗai a ɗaki. Ba ya cin abincin kowa, ko na biki, ko na Kirsimeti. Da sassafe ana ganinsa yana fitowa daga cikin duwatsu. In an kira sunan Yesu a addu'a sai ya gudu. Ga kuma wannan ƙara da ke fitowa daga cikinsa. Kun san abin da muka taso muna ji, wai maye yana da ƙanƙara a ciki, ita ke motsi in ta ga kurwar da take so. Wata mata ta rantse ta ji tawa tana kaɗawa.

Maganar ta iso kunnena, kuma me kuke tsammani na yi? Daɗi na ji. Ni da aka saba yi wa tsawa a ramin kuza, yau ga maza suna ba ni hanya. Mai sayen itace ya daina ja da ni. Har nakan tsaya in ƙura wa mutum ido da gangan, in ga yana laluben hanyar gudu, in koma ɗaki in yi ta dariya ni kaɗai. A raina na ce a ji tsorona ya fi a yi mini dariya. Ban san wasa nake da abin da ke cin mutum ba.

A gidan da nake haya akwai wani tela, Istifanus, da matarsa Saratu. Mutanen kirki. Shi ne ke yi mini ƙari a wando in ya tsage, bai taɓa tambayata dalilin da ya sa nake son ƙugu mai faɗi ba. Wata rana da yamma Saratu ta kawo mini gwate a kwano, ya sha wake da yakuwa da barkono, ƙamshi har bakin titi. Yawuna ya tsinke. Amma na san in na sha, gobe a bayan dutse zan yini. Matan gidan suna zaune a tsakar gida suna kallo. Maimakon in ce na gode, ba na iya sha, sai shaiɗancina ya motsa. Na dube ta na ɗan jima, na ce, "Mayar da shi, 'yata. Ni abincina ba a tukunya ake dafa shi ba."

Ba wadda ta yi dariya. Saratu ta ɗauki kwanonta ta koma ɗaki.

Ba a daɗe ba ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ba ta ci, ba ta gane mutane. Aka aika ƙauye, uwarta ta zo, wata tsohuwa mai kaifin ido da ake kira Inna Ladi. Sai aka ce a cikin zafin ciwo Saratu tana kiran sunana. Ni ma na ji da kunnena ta bango. "Baba Iliya. Baba Iliya." A hankali take faɗa, kamar mai roƙo.

Kun san abin da wannan ke nufi a wurin mutanenmu. Wanda aka kama shi ke faɗin sunan wanda ya kama shi.

Gidan ya canza. In na fito, hira ta mutu. Mata suka kwashe tukwanensu daga gefen ɗakina. A kasuwa itacena ya yini ba wanda ya taɓa. Maigidan da muke haya, wani Bayerabe mai haƙuri, ya tsaya daga nesa ya ce shi ba ya son jini a gidansa, in nemi wuri. Sai ga samari, wasu 'yan majami'armu ne, wasu ban san su ba, sun fara zama a kan dakali daura da ƙofata. Kowa da sanda a tsakanin ƙafafunsa.

Na san ƙarshen irin wannan zama. A barikin kuza na taɓa ganin an yi wa wata tsohuwa. Aka tuɓe ta tsirara da rana tsaka, aka sa ta tsallake maras lafiya, wai ta saki kurwarsa. Ta tsallake. Bai tashi ba. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta a takardar da za a karanta a ɗakin Allah ba. Ni ma ina cikin masu kallo a ranar.

Istifanus ya zo ƙofata, idonsa ja. Bai shigo ba. Ya durƙusa a waje ya ce, "Baba, in ta yi maka laifi ni na ɗauka. Ka sake ta."

A nan ne na fara faɗin abin da ban taɓa faɗa wa namiji ba. Na ce, "Ɗana, ba ruwana da matarka. Ciwo ne da ni. Cikina ne."

Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce, "Mun sani, Baba. Kowa ya ji shi."

Na gane ƙaryar da na bari ta girma ta riga ta fi bakina ƙarfi.

Ran Asabar da hantsi suka taru a tsakar gida za su fito da ni. Wani ya riga ya kama wuyan rigata sai ga Malam Yohanna, an je an kira shi, ya shigo yana haki. Ya tsaya tsakanina da su. Ya ce masu bin Yesu ba sa tuɓe tsoho, kuma yarinyar nan asibiti take bukata tun jiya. Inna Ladi ta ce asibiti ba ya maganin wanda aka riƙe, ba mai ɗaga 'yarta daga tabarma sai an san gaskiya. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Malam, tambaye shi. Tunda yake zuwa majami'arku, ya taɓa jin amin ɗin babbar addu'a? In shi na Allah ne, gobe ya zauna a gaba, a rufe ƙofa, a yi addu'a har ƙarshe. In ya zauna, ku kai ta inda kuke so. In ya tashi, ku bar mu da shi."

Malam ya ce ba a gwada Allah haka. Amma ya dubi sandunan, ya dubi ɗakin da Saratu ke nishi, ya dube ni. Na ga ba shi da wata hanya. Na ce na yarda.

Aka ce Dattijo Musa ne zai yi addu'ar. 'Yan'uwa, kun san Dattijo Musa, yana nan zaune, Allah ya ƙara masa numfashi. Mutum ne da in ya fara addu'a daga halittar duniya yake ɗaukowa. Da na ji sunansa na ce a raina, Iliya, kwananka ya ƙare.

Ban ci kome ba, ko ruwa kurɓa na yi. Amma ciwon nan ba sai da abinci ba, tsoro ma ya ishe shi. Ran Lahadi na tafi majami'a, samarin suna bina a baya, ba kusa ba, ba nesa ba. Ban taɓa ganin ta cika haka ba, har waɗanda rabonsu da sujada tun bara sun zo. Samarin suka jingine sandunansu a bangon waje, dab da ƙofa, inda mai fita zai fara isa. Aka kai ni bencin gaba. Inna Ladi ta zauna a bayana. Na ji ƙarar sakata.

Aka yi waƙa, ban san me aka rera ba. Sai aka ce mu sunkuyar da kai.

Dattijo Musa ya fara. Yana gode wa Allah don rana da wata, ciki ya yi juyin farko. Ya kai kan ruwan sama da amfanin gona, ciki ya yi wata ƙara doguwa da ta cika ɗakin. Na ji benci ya motsa, na kusa da ni sun ja jiki. Wata a baya ta ce a hankali, "Kun ji ta ko?" Da sanyin Jos ɗin nan, gumi yana bin bayana kamar an zuba mini ruwa.

Na fara addu'a a zuci. Na ce, ya Ubangiji, ka ɗaure shi. Yau kaɗai. Ka ɗaure shi, ni kuma ba zan ƙara tsorata kowa ba. Na yi alkawari iri iri, har da waɗanda na san ba zan cika ba. Ciki ya ƙara murɗawa. Dattijo Musa kuwa sai a lokacin ya kai kan masu mulki da 'yan ramin kuza.

Na buɗe ido kaɗan na dubi ƙofa. Ƙafata ta san hanyar nan, da kanta take so ta tashi. In na tashi, sanda. In na zauna, abin da nake gudu tun ina saurayi, wanda ya raba ni da aiki, ya hana ni binne uwata, zai same ni a gaban dukan ikkilisiya. Kuma gaskiya nake gaya muku, a wannan lokacin sandar ta fi mini sauƙi. Har na dafa benci zan miƙe.

Sai na tuna Saratu. In na tashi, ba ni kaɗai zan tafi ba. Za su gama da ni, su koma su zauna jiran ta warke, ba mai kai ta asibiti.

Na saki bencin. Na ce, Yesu, kai ka yi cikin nan, ka san abin da ke ciki. Na gaji da ɓoyo. In ba za ka ɗaure shi ba, to ka zauna kusa da ni.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani, tsoron nan da ya riƙe mini wuya shekara da shekaru ya sake ni, kamar an kwance wa jaki kaya. Ciki kuwa ya yi abin da ya ga dama. Ba sai na yi bayani ba, waɗanda suke wurin hancinsu ya shaida.

Na zauna a ciki. Hawaye yana zuba, ban motsa ba. Dattijo Musa, bawan Allah, bai rage ko kalma ɗaya ba, sai da ya bi marasa lafiya da matafiya da waɗanda ba su ji bishara ba tukuna. Da ya kai ƙarshe, muryata ce ta fi ta kowa. Amin!

Ina jiran dariyar da na yi rayuwata duka ina gudu. Ba ta zo ba.

Sai na ji an tashi a bayana. Inna Ladi ce. Ta zagayo ta tsaya a gabana, ta dube ni sama da ƙasa. Ta juya ga jama'a ta ce, "Na yi renon 'ya'ya, na yi jinyar tsofaffi. Wannan ba maita ba ce." Ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu da hannunta. Tana ɗaurawa ta ce a hankali, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ba a haifi 'yarki ba."

Ta ce, "Wawan tsoho. Tashi mu je."

Ita ta riƙe hannuna har ƙofa. Aka zare sakata. Muka wuce ta gaban sandunan nan, suna jingine inda aka bar su.

A ranar aka ɗauki Saratu zuwa asibiti. Likita ya ce zazzaɓin hanji ne, irin na ruwa maras kyau, kuma da an ƙara jinkiri da sai gawa. Ta daɗe kafin ta miƙe. Nakan tambayi kaina, da ta mutu fa? Da wasu sun ce tsohon ya iya dabara ne kawai. Ban san amsar ba, kuma in na tuna har yanzu tsikar jikina tana tashi. Da ta warke na tambaye ta me ya sa take kiran sunana. Ta ce ita ba ta ma tuna ba. Kun ji abin da ya kusa kashe mutum.

Kada in yi muku ƙarya a ɗakin Allah, ciwon bai tafi duka ba. Ni ma Malam ya kai ni wurin likitan, ya danna nan ya danna can, ya ce bai ga kome ba, wai akwai masu hanji mai saurin fushi, damuwa kuma tana ƙara zuga shi. Na ce ai mun daɗe da sanin juna da mai fushin. Har yau in na yi kwaɗayin wake sai na biya. Amma tunda na daina ɓoyo ya rage ƙarfi ƙwarai, don babban abincinsa tsoro ne, kuma an yanke masa.

Saratu ce ke dama mini kunun acca yanzu. Samarin nan kuwa, da Istifanus a gaba, su suka haƙa bayan gida a bayan majami'a, suka yi masa ƙofar kwano. Na ji yara suna ce masa ofishin Baba Iliya. Ban hana ba, tunda na zo duniya ban taɓa samun ofis ba. Har yanzu a bakin ƙofa nake zama, amma yanzu dattawa ne suka ba ni aikin tsaronta. In ciki ya kira, in tashi in fita a gaban kowa, in dawo in tarar Dattijo Musa bai kai rabi ba.

Kuma kun san wani abu? Akwai waɗanda suka same ni a gefe, murya ƙasa ƙasa, suka ce su ma haka suke fama. Ba zan faɗi suna ba. Wani ma da sanda ya zo a ranar.

Bana na hau lori na je ƙauye. Kafin mu tashi na gaya wa direba da ƙarfi, kowa yana ji, cewa in na buga jikin mota ya tsaya, in ba haka ba shi zai wanke ta. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya kuwa tsaya. Aka nuna mini inda aka sa uwata, na durƙusa na gaya mata dalili.

Saboda haka ina gode wa Yesu. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, shi kuwa ya ga asirin ne ke kashe ni. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana ɗauke da abin da kake jin kunyar faɗa, kada ka jira a rufe maka ƙofa irin tawa. Ka kawo masa, ya riga ya sani, kuma ba ya matsawa gefe. Ku kuma masu addu'a da ido ɗaya, in kun ga wani yana fita, ku bi shi da tambaya, ba da sanda ba.

Sandunan nan, masu su sun zo sun kwashe a ɓoye, amma ɗaya ta yi ta zama a jikin bango ba wanda ya ce tasa ce. Na ɗauka. Ita ce wannan da kuke gani ina dogarawa. In mai ita yana so, ya zo ya karɓa, ina nan bakin ƙofa.

Yabo ga sunan Yesu. Amin, kuma wannan amin ɗin a zaune na faɗe shi.